TASKAR JIYA: Ina Kaset ɗin Haruna Uji Suka Shiga?

Yaran yanzu a Birniwa da Malam Madori sun haddace waƙoƙin fim kamar ƙulhuwallahu, amma a tambaye su Haruna Uji, mai gurmin nan na Haɗejiya, sai a ga sun yi zuru. Ba laifinsu ba ne. Waƙoƙinsa da na su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da yawansu suna kwance ne a kaset da faifan garmaho cikin adakar iyaye, ƙura da gara na ta shagali a kansu.

Kai, har waƙoƙin fim ɗin ma ba su tsira ba. Zamanin da Sangaya ke tashe, katan-katan ake sarin kaset ɗin waƙoƙi a Ƙofar Wambai. Yau wa zai nuna nasa?

A ƙasar Haɗejiya babban abokin gabar kaset shi ne ruwa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun ci gidaje, kuma ba wanda ke ta kaset sa'ilin da ake tseren rai. To amma kaset ɗin da ya sha ruwa ba lalle ya mutu ba, in dai ba a yi garajen zura shi a rikoda ba. Nan ake yin ɓarnar, domin zaren yana manne da laka, sai ya tsinke ko ya karce. A kwance murfin, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a bar shi a inuwa ya bushe sarai, sannan a juya zaren da biro a hankali. Kan rikodar kuma a goge shi da auduga da sifirit. Kada a jingina kaset da sifika, maganaɗisun da ke ciki na iya cinye sautin.

Faifai kuwa ba ya shiri da rana, lanƙwashewa yake yi. A jera shi a tsaye. Tsohon mai nauyin nan da ke fashewa kamar tangaran, kul a sa masa sifirit, narkar da fuskarsa yake.

Da zarar kaset ya yi magana, a haɗa rikodar da kwamfuta a naɗe sautin tun a jin farko, don wani zaren ba zai jure zagaye na biyu ba. A tura wa 'yan'uwa biyu ko uku a waya, a rubuta sunan mawaƙi da na waƙar a jikin kowanne.