Askin Itace Ma da Lokacinsa

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, gobe mu ne za mu gaji gidajen gwamnati da itatuwan cikinsu. Abin takaici, sai a watan Maris, ana tsakiyar zafi, ake sa lebura ya yi wa darbejiya ƙwal-kwabo, a bar iyali a rana. Mangwaro kuwa a sassare shi da hunturu yana fure, sa'an nan a ce ba ya 'ya'ya!

A ganinmu, a dakata wa mangwaro sai an gama tsinke shi. Darbejiya kuma, rassan da suka hau kwano ko wayar lantarki kaɗai za a rage kafin iskar farkon damina, da zarto, a karkace, don kada ruwa ya kwanta wurin ya ruɓe.