Tiyon Sitiyari Idan Ya Fara Yoyo, Sauyawa Ce Maganinsa

Daga cikin ɗabi'un da suka zama ruwan dare tsakanin masu tsofaffin motoci a ƙasar nan, musamman masu hawa Peugeot 406 da Toyota Camry da Honda Accord waɗanda sai da suka sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu, akwai wata guda wadda, ko da yake masu yin ta suna ɗaukar ta tattali ne da sanin zaman duniya, ni a ganina sakaci ce da amanar rai da ta dukiya. Ita ce ajiye gorar man sitiyari a bayan mota, kullum safiya a ɗaga bonet a ƙara, alhali tiyon da ke zubar da man yana nan yana ɗiga wata da watanni.

Sitiyari mai aiki da mai ba baƙon abu ba ne, domin tun shekarar 1951 kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sayar da mota mai irinsa, kuma asalin hikimarsa bai sauya ba: famfo ne wanda bel ke juyawa daga injin, ya zuƙo mai daga ƙaramin tanki, ya tura shi da ƙarfi ta cikin tiyo zuwa ƙarfen da ke karkata ƙafafun gaba, sa'an nan man ya komo ta wani tiyon dabam. Tiyo na komawa ba shi da wata matsa ta a zo a gani, kilif ma ya ishe shi. Amma na turawa, wanda a kansa maganata take, an saƙa zare mai ƙarfi a cikin robarsa, an kuma matse bakunansa na ƙarfe da na'ura tun daga masana'anta, saboda idan direba ya murɗa sitiyari har ƙarshe, matsin man da ke cikinsa yakan ninka na iskar da ke cikin taya kusan sau arba'in.

To, wanda ya fahimci wannan, yaya zai yarda bakanike ya yanko tsohon tif, ya naɗe wurin da ya tsage, ya ɗaure da waya, ya murɗe ta da filaya, ya ce masa an gama? Irin wannan faci yakan riƙe ne gwargwadon fita daga gareji. Bayan nan mai ya ci gaba da tsiyaya, iska ta shiga, famfo ya kama kuka duk lokacin da aka karya kwana, idan ka leƙa tankin ka tarar da kumfa. Kuma famfon da ya daɗe yana juyawa babu isasshen mai, ƙarshensa lalacewa ne, kuɗinsa kuwa ya fi na tiyo nesa ba kusa ba. Mafi muni shi ne man nan yana kama wuta, tiyon kuma a motoci da yawa kusa da ƙarfen hayaƙi mai zafi yake bi, saboda haka ranar da ya fashe ya fesa, gobara ba ta da nisa. Haƙiƙa motar ba ta daina juyawa don mai ya ƙare, amma sitiyarin da ɗazu ake murɗawa da yatsa biyu zai yi nauyi farat ɗaya, wataƙila a tsakiyar shataletale, ga 'yan makaranta suna tsallakawa.

Na san hujjar da za a kawo mini, kuma ban raina ta ba, wato tsadar kayan gyara da ƙuncin rayuwa. Shi ya sa da yawa kan nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna su nemi na hannu. Sai dai roba zafi da shekaru ne ke cinye ta, don haka tiyon da aka ciro daga motar da ta yi sa'a da taka, sau da yawa tsufansu ɗaya. Wanda bai sami sabo ba, gara ya kai tsohon wurin masu haɗa tiyon manyan injuna, su cire robar, su matse masa sabuwa mai jure matsi a kan bakunansa na asali.

Shi kansa aikin ba mai wuya ba ne, illa dai yana da sharuɗɗa waɗanda ya wajaba mai mota ya sani, don ya tsaya a kai. A kwance noti da sifanar da ta yi daidai da shi, kada a cinye masa baki. A sa sababbin washa na jan ƙarfe ko sabon zoben roba, kada a mayar da tsofaffi. A maƙala tiyon a maƙalansa yadda ba zai goga bel ko ƙarfen hayaƙi ba. Man da za a zuba kuwa, a duba murfin tanki ko littafin motar, domin Toyota da yawa man giyar otomatik suke sha, Honda kuma nata na musamman take so, man birki kuwa haramun ne a wannan wuri, kumbura robobi yake yi. Daga ƙarshe a ɗaga gaban motar da jak, a murɗa sitiyari dama da hagu har ƙarshe injin yana kashe, ana ƙara mai, kana a tayar a maimaita har kumfa ta ɗauke, kukan famfo ya yi shiru.

Malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙon sababi, kuma wanda ya ɗauki iyalinsa ko fasinja a mota, rayukansu amana ce a wuyansa. Saboda haka, ya kai mai karatu, gobe da safe kafin ka tayar da motarka, ka duƙa ka dubi ƙasan gabanta. Idan ka ga ɗigon mai ja ko ruwan zuma, ka bi sawunsa, in tiyon sitiyari ne ka kai ta a sauya shi cikin makon nan, kuma ka tsaya a yi aikin a gabanka.