Tarihin zane ba hadda ba ne

Wata 'yar ƙanwata da ke karatu a wata kwalejin ilimi ta kawo min handawut ɗin da aka sayar musu na darasin tarihin zane-zane, wai in yi mata tambayoyi kafin jarrabawa. Na bi shi shafi-shafi har ƙarshe, babu hoto ko ɗaya. Sunaye ne a jere, kowane da shekararsa da bayani layi biyu: Rinesans, Barok, Imfireshinizim, Kiyubizim. Ta haddace su tsaf, tana kawo su ba gargada. Na ce, "To 'yata, wane zanen Monet kika taɓa gani?" Ta ce, "Kawu, ai ba a nuna mana ba, an ce sunan kawai za a tambaya." Wannan amsa ta hana ni sakat duk makon nan.

Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan rigima ce aka yi tsakanin mutane, an zubar da gumi, an yi asarar kuɗi da mutunci, a kan yadda ya kamata ido ya kalli duniya. Mu ɗauki Imfireshinizim. A Faransa ta ƙarni na 19 akwai babban baje koli na hukuma a birnin Faris, ana ce masa Salon, da alƙalansa. In suka ƙi aikinka, kasuwarka ta mutu. Su kuwa abin da suke so shi ne zanen yaƙe-yaƙe da labaran mutanen da, wanda aka yi a cikin ɗaki, aka goge shi sumul har ba a ganin sawun buroshi. Sai abubuwa biyu suka shigo. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto, aikin kwaikwayon kamanni ya sami mai yinsa cikin sauri. A 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro 'yar kwalbar kuza mai matsuwa ta zuba fenti. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ƙulle fenti, in an huda ta sai ya yi ta tsiyaya ko ya bushe. Yanzu mai zane na iya zuba kayansa a jaka, ya hau jirgin ƙasa, ya je bakin kogi ya zauna.

A 1863 alƙalan Salon sun kori ayyuka da yawa har sai da Napoleon na Uku ya ba da umarni a yi wa korarrun baje kolinsu daban. A watan Afrilun 1874 kuma masu zane wajen talatin, cikinsu da Monet, Renoir, Degas, Pissarro da wata mace, Berthe Morisot, suka ce sun gaji da roƙo, suka baje kayansu a tsohon shagon wani mai ɗaukar hoto, Nadar. A nan aka rataye zanen da Monet ya yi wa tashar jiragen ruwa ta Le Havre da asuba. Ku nemo shi ku duba. Rana ɗigo ce ja-ja mai ruwan lemo, kwale-kwalen 'yan shafe-shafe ne baƙaƙe, sauran duk hazo ne shuɗi-shuɗi da inuwar bututun hayaƙi. Masu suka suka ce bai gama ba. Ya gama sarai, abin da idonsa ya kama a wannan ɗan lokacin shi ya ajiye.

Tsakanin 1892 da 1894 Monet ya zana fuskar babban cocin Rouen fiye da sau talatin, yana leƙe ta taga daga gine-ginen da ke kallonsa, da safe, da tsakar rana, da yamma. Haske yake bi, kuma ya nuna cewa inuwa ba baƙa ba ce, wani sa'i shuɗiya, wani sa'i ruwan makuba. Duk wanda ya ga dutsen Dala da sassafe cikin hazon hunturu, ya sake ganinsa da la'asar sakaliya bayan ruwan sama, ya san abin da Monet ke nufi tun kafin a faɗa masa. Minti biyar malami ke buƙata ya ɗora zane biyu gefe da gefe ya ce, me ya canza?

Haka Kiyubizim. Tun farkon ƙarni na 15 da Brunelleschi ya nuna dabarar sa abu mai nisa ya ƙanƙance a zane, Turawa ke kallon komai daga tsayuwa ɗaya. Picasso da Braque suka farfasa wannan ƙa'ida daga 1907, suna nuna gaba da gefe a lokaci guda, bayan Picasso ya ga sassaƙen Afirka a gidan tarihi na Trocadero. Handawut bai ce uffan a kan wannan ba.

Za a ce babu wuta, babu majigi, albashi ba ya isa, kuma gaskiya ne. Amma tun 2017 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki hotunan kayansa sama da 375,000 kyauta a intanet, kuma babu ajin da za ka shiga yau ka rasa waya. Ƙin nuna zanen lalaci ne, kuma zalunci ne a karɓi kuɗin yara a sayar musu da jerin sunaye. Wanda ke ƙyamar zanen mai rai ma yana da rubutun zayyana da adon bango na fadar Alhambra da zai koyar, amma sai an nuna.

Abin da ya fi ci min rai, jerin ya tashi daga Girka ya ƙare a Amurka, bai bi ta Zariya ba. A 1958 ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu, suka ce za su koyi dabarun Bature amma su haɗa su da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Wannan ma harka ce ta zane mai shekara da manufa da mabiya, daidai da ta Faris. Kawunan yumɓu na Nok suna nan a gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Na sha yin kuka a kan yadda ake kankare adon sorayenmu ana shafe wa da siminti, kuma daga irin wannan aji ne masu kankarewar ke fitowa.

Masu tsara manhaja su hana sayar da handawut ɗin zane marar hoto. A jarrabawa a ɗora wa ɗalibi zane a gabansa, a ce ya faɗi inda haske ya fito da abin da mai zanen ke jayayya da shi. Makarantun da ke kusa kuma su ɗebi yara zuwa tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a sa su zana bakan gizon rufinsa da fensir, a ba su maki a kai.