Kamannin fuska ba hujja ba ne



Kwanakin baya wani magidanci ya zo mana cikin damuwa. Ɗansa ya kai shekara 15, goshinsa ya fito, muƙamuƙinsa ya sāke, ba ya kama da shi ko kaɗan, har dangi sun fara raɗe-raɗi a kan uwar. Mun tuna masa hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, na mutumin da ya yi shakkar ɗansa don an haife shi baƙi. Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi yadda mai ruwan toka ya fito cikin raƙumansa jajaye. Mutumin da bakinsa ya ce wataƙila gado ne daga kakanni. Ba a yarje masa ya kore ɗan ba.

Fuska tana da ƙasusuwa 14, kuma ƙwayoyin gado masu yawa ne suke tsara su, rabi daga uwa, rabi daga uba. Don haka yaro yakan ɗauko hancin kakan da bai taɓa gani ba. In balaga ta zo, sinadarin testosteron yakan faɗaɗa haɓar namiji, ya kaurara ƙashin girarsa, kuma muƙamuƙi yana ci gaba da girma har wajen shekara 20. Fuskar ɗan shekara 15 ba ta gama zama ba tukuna.

Abinci ma yana da hannu, domin ƙashi abu ne mai rai da yake amsa aikin da ake ba shi. Wani bincike na 2011 a kan ƙoƙon kan al'ummomi 11 ya nuna muƙamuƙin mafarauta ya fi na manoma tsawo, kuma masana suna danganta cunkushewar haƙora da ƙarancin tauna. Mu mun tashi da rake da aya da gasasshiyar masara. Ƴaƴanmu kuwa burodi da shayi da taliya.

Abin da ya fi damunmu shi ne maganar da uban ya yi a ƙarshe, cewa yaron yana fama da ciwon gaɓoɓi in sanyi ya shigo. Amosanin jini, wato sikila, yakan kumbura ɓargo har goshi da haƙoran sama su turo gaba. Mun ce ya kai shi asibiti a gwada jininsa, shi ma uban ya miƙa nasa, domin wannan ciwo ba ya kama yaro sai uwa da uba kowa ya ba da nasa kashi.