Tsohon Babur Bai Fi Ran Mai Shi Ba

Akwai wata aƙida da ta yi kanta a tsakanin masu sha'awar tsofaffin babura, wadda ya wajaba mu fito fili mu yi tir da ita. Wai duk wanda ya ɗaura wa tsohon BSA ko Triumph ko Vespa fitilun sigina ya ɓata masa asali, domin ba haka ya fito daga masana'anta ba. Mu kuwa muna cewa wannan magana ce ta wanda ya fifita ƙarfe a kan rai.

Babbar hujjarsu ita ce wai miƙa hannu ya wadatar. To, 'yan'uwa, mu dubi aikin hannuwan. Na dama ke riƙe da totur da birkin gaba, na hagu ke matsa kuloci. Tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, mai shan kwanar hagu tilas ya ratsa gaban motocin da ke tahowa. A wannan mawuyacin lokaci, yana bukatar rage giya, a nan ne ake so ya saki kan babur ya miƙa hannu! Da dare fa? Cikin hazon hunturu fa? Wane direban tirela ne zai hango hannun mutum a duhu?

Ita kanta Ingila, mahaifar BSA da Triumph, ta wajabta sigina a kan sababbin babura tun 1986, Amurka kuwa tun 1973. Masu gardama kan ce ai dokokin nan sun ɗaga wa tsofaffin babura ƙafa. Haka ne. Amma sassaucin doka ba ya sanar da direban da ke bayanka inda ka nufa. Titin da aka ƙera baburan nan dominsa ba shi ne titin yau ba, kuma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Abin da ya cancanci muhawara shi ne yadda za a yi aikin, domin akwai masu miƙa shi ga duk makaniken da ya fi rangwame, alhali araha ba ta ado. Yawancin baburan nan wutarsu volt 6 ce, kuma dainamon Lucas da ke jikin da yawa daga cikin na Ingila wat 60 kacal yake bayarwa. Ƙwai biyu masu wat 21 sun ci 42 ke nan, ga fitilar gaba tana jiran rabonta. Mafita ita ce ƙwan LED, wanda ba ya shan wuta sosai. Sai dai tsohuwar filasha, wato 'yar na'urar da ke sa fitila ƙiftawa, da zafin wutar da ke ratsa ta take aiki, saboda haka LED ba ya motsa ta yadda ya kamata. Dole a sa filasha ta zamani, a tabbata tana ƙiftawa sau 60 zuwa 120 a minti. A kuma lura, tsofaffin baburan Ingila da yawa ɓangaren fositif na batir ne ke haɗe da jikin ƙarfe, kuma LED da aka juya wa waya ba zai kama ba. Kada a manta da fiyus.

Amma batun ɓata asali, ba sai an huda ƙarfe ba. Ana iya ɗaure fitilun a kan kusoshin da ke jikin babur tun fil'azal, a kwance su ranar da aka ga dama. Ƙafar da ta karye kuwa ba a kwance ta a sauya wata.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai da matasan ma'aikata da suka gaji irin baburan nan ko suka saya: wanda ke son nasa ya zauna yadda ya fito, to ya ajiye shi a zaure jama'a su zo kallo. Wanda kuwa zai hau da shi titi, haƙƙin sauran masu bin hanya ne ya sanar da su inda zai juya.