Rubuta Farashin a Ƙarƙashin Hoton



Ana saura kwana tara Ƙaramar Sallah, ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar, sai na ga hoton wani yadi a sitatus ɗin wani yaro mai ɗan shago a unguwarmu. Ruwan toka ne mai kyau, irin wanda nake nema wa ɗana. Na duba ƙarƙashin hoton, ba a rubuta komai ba sai "akwai, a biyo ni ta ciki". Na bi shi ta ciki, na tambaye shi nawa ne yadi biyar. Aka sha ruwa, bai amsa ba. Aka idar da asham, bai amsa ba. Sai washegari da hantsi saƙonsa ya shigo: "Baba, nawa ka saya?" A lokacin kuwa na riga na shiga Kantin Kwari na sayo, har na miƙa wa tela.

Yaron nan na san shi, na san mahaifinsa, kuma na fi son kuɗina su shiga aljihunsa. Abu ɗaya ne ya raba shi da cinikin nan: bai rubuta farashi ba.

Wannan ɗabi'a ta ɓoye farashi ta zama ruwan dare a tsakanin masu ƙananan sana'o'inmu, kuma ita ce nake so mu tattauna a yau. Mai turaren wuta tana yi, mai takalma yana yi, mai dambun nama da mai kayan kicin duk suna yi. A sayi data da kuɗin gumi, a jera hotuna talatin a sitatus, a yi ta roƙon jama'a su tura wa wasu, amma abu guda da mai saye ya fi son sani, shi ne aka danne. Kullum ana tambaya ta yaya za a tallata kaya ba tare da an kashe kuɗi ba. To ga hanya ta farko, ko kwabo ba ta ci: rubuta farashi.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce Bahaushe da tayi aka san shi, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Haka ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, ake irin wannan ciniki a kasuwar Kurmi, kuma ba ni na zo in ce a daina ba. Amma a Kurmi kana ganin fuskar mai saye. Idan ya juya zai tafi, kana iya ɗaga murya ka ce "dawo, kawo kuɗin". A waya fa? Wanda ya wuce hotonka da ɗan yatsa ba ka ma san ya zo ba, balle ka kira shi ya dawo. Ya wuce zuwa hoton maƙwabcinka, wanda ya rubuta nasa farashin.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ke mantawa da shi game da mutanenmu, wato kunya. Mu mutane ne masu jin nauyin tambaya. Matar da ke da dubu uku a ɗaure a bakin zane ta ga kwalbar humra ta yi mata kyau. Ba ta san ko dubu biyu ce ko dubu goma ba. Idan ta tambaya aka ce dubu goma, sai ta nemi hanyar zamewa, ta ce "to, zan yi miki magana", alhali ita da mai kayan duk sun san ba za ta yi ba. Idan kuwa mai kayan 'yar ajinsu ce a Islamiyya, ko matar wan mijinta ce, gobe za su haɗu a gidan suna, kowa na sunkuyar da kai. Don gudun wannan, sai ta ƙi tambaya tun farko. Wataƙila humrar nan dubu biyu da ɗari biyar ce, kuɗinta sun isa har da canji. Ciniki ya mutu tun ba a fara shi ba, mai kaya kuma na can tana cewa kasuwa babu. Da ta rubuta farashi, da matar nan ta yi lissafinta a ɗakinta, ba wanda ya ga aljihunta, sannan ta aiko yaro.

Wani ya ce yana tsoron abokan sana'a su ga farashinsa su karya. Haba malam! Wanda kuke saro kaya tare a Singa ko a Kwari, wurin dila ɗaya, shi ne bai san nawa kake sayarwa ba? Idan yana son sani, ƙanensa zai sa ya tambaye ka. Ba abokin gasarka ka ɓoye wa ba, mai saye ka ɓoye wa.

Wata kuma ta ce kaya ne ba sa zama wuri ɗaya, yau ka saro a kaza, jibi ka koma ka tarar an ƙara. Wannan gaskiya ne, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ji a jikinsa. Amma sitatus ɗin WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace da kansa. Rubuta "farashin yau". Gobe idan ya canja, ka rubuta na goben. Mai saye ma kasuwa yake zuwa, ya san halin da ake ciki, ba zai zarge ka ba.

Dalili na ƙarshe shi ne wanda ba a faɗa, kuma shi ya fi ɓata mini rai. Wasu suna ɓoye farashi ne don su fara auna mai tambaya. A duba hoton da ya sa a wayarsa, a duba unguwar da yake, sannan a yanka masa kuɗi daidai da rigarsa. Hajiya ta tambaya a ce dubu goma sha biyu, malamar firamare ta tambaya a ce dubu takwas. To ku sani, matan nan suna haɗuwa a gidan biki, kuma suna tambayar juna "nawa kika saya?" Ranar da Hajiya ta ji, ba ita kaɗai kika rasa ba. Kin rasa 'ya'yanta da surukanta da duk wadda za ta zauna kusa da ita a kan tabarma.

Idan ka rubuta farashi, to hoton da ke samansa ya zama na kayanka. Kada ka ɗauko hoton takalmi daga intanet ka ce shi ne naka, a aiko kuɗi, a kai wa mutum wani abu dabam. Mutane sun gaji da cinikin biri a sama. Fito da kayan tsakar gida da safe kafin rana ta yi zafi, shimfiɗa farin ƙyalle, goge idon kyamarar da gefen riga, ka ɗauka. Ajiye kwalin ashana kusa da kwalbar don a gane girmanta. Hoto uku masu kyau sun wadatar. Idan suka kai talatin, ba mai kallo har ƙarshe. Kuma ka tuna da yawa daga cikin masu sayenka ba sa karanta boko, amma duk suna jin Hausa. Ɗauki ɗan gajeren bidiyo da muryarka, ka faɗi sunan kaya, ka faɗi kuɗinsa, ka faɗi inda kake, da kwatance irin namu: bayan masallacin Juma'a, shago na uku daga mai shayi.

Tun da muna maganar talla, ba zan iya wucewa ban taɓo wannan ba. A Hausa idan aka ce talla, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne yarinya 'yar shekara tara da faranti a ka. Da hantsi, lokacin da sa'o'inta ke aji, tana bakin tasha da dafaffiyar gyaɗa ko awara. Da magariba tana tsakanin samari a majalisa, ana taya kayanta ana taya ta da wasan da bai dace ba. Kowa a cikinmu ya gani, kowa kuma ya san abin da kan biyo baya. Ban zo in zagi iyaye mata ba. Uwar da ke cikin gida ba ta fita, ga sana'a a hannunta, ga bakunan da za ta ciyar, da can ba ta da ƙafar da za ta kai kayanta waje sai ta 'yarta, ko ta dillaliya mai shiga gida gida. Amma yanzu akwai waya a gidaje da yawa. Idan matan layinku da na bayansa duk sun san cewa ƙullin awararki naira ɗari biyu ne, kuma tana sauka daga wuta ƙarfe huɗu, su za su aiko. Ba na cewa waya za ta sauke kowane faranti daga kan kowace yarinya. Amma ko awa uku aka rage mata na yawo a titi, ta samu ta je makaranta ta dawo, wallahi an yi abin kirki. Kuma wannan ba zai yiwu ba sai mai aikowa ta san nawa za ta ba ɗan aike. Kun ga mun sake dawowa kan farashi.

Akwai wata baiwar Allah da muke sayen kunun aya a wurinta. A jikin kowace gora ta manna 'yar takarda mai lambar wayarta da kuɗin ƙarama da na babba. Gorar nan tana shiga ofis, tana shiga gidan suna, duk wanda ya sha ya ji daɗi ba sai ya tambayi kowa ba. Tana da wani littafi mai bangon shuɗi inda take rubuta masu saye a kai a kai, da ranar da suka saba aikowa. Ana gobe azumi ta aika musu da saƙon murya, ta gaishe su, ta faɗi farashin bana. Idan ka sayi gora goma ta ɗora maka ɗaya gyara, yadda iyayenmu ke yi a bakin mudu. Kuɗinta ɗaya ne ga kowa, alherin da take so ta yi maka a gyaran take yinsa, a fili, kowa na gani.

Masu babbar waya kuma, manhajar WhatsApp Business kyauta ce, kuma a cikinta akwai wurin jera kaya, kowanne da hotonsa da gurbin da aka ware don rubuta kuɗinsa. Na sha buɗe na mutane in tarar an cika komai, an bar wannan gurbi fayau. Idan za ka aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda, tsarin yana ɗaukar har mutum 256, sai dai saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Saboda haka duk wanda ya saya, ka roƙe shi ya ajiye ta kafin ya bar bakin shagon. Idan kuma ya yi maka magana, ka amsa da wuri. Idan kana sallah ko kana kan hanya, ka bar wayar a hannun wanda ya san kuɗin kaya.

Yaron nan na unguwarmu, na same shi bayan Sallah na faɗa masa abin da ya faru. Na tambaye shi nawa ne yadin. Ashe ya fi wanda na sayo a Kwari sauƙi da naira ɗari biyar a kowane yadi, ga shi ba sai na biya kuɗin adaidaita ba.