Matacin Gashin Tunkiya: Ina Guba Ke Zuwa Bayan An Kama Ta?

A garin Biyella da ke arewacin Italiya, wanda ya daɗe da yin suna wajen saƙar ulu, wasu masana na Majalisar Binciken Kimiyya ta ƙasar, cikinsu har da Annalisa Aluigi da Claudio Tonin, sun buga sakamakon wani bincike a shekarar 2009. Sun narkar da gashin tumaki, suka sake kaɗa shi ya zama zaren da ido ba ya iya ganin silinsa, sannan suka gwada shi wajen tace iska da ruwa. A wannan aiki da waɗanda suka biyo bayansa, zaren ya kama iskar fomaldihaid, ya kuma tsamo kuromiyam da jan ƙarfe daga cikin ruwa. Labari ne mai daɗin ji, irin wanda malami kan karanta wa ɗalibai su fita aji suna zaton an gama da gurɓatar ruwa. To, ba a gama ba tukuna, kuma abin da ya rage ya fi wanda aka yi wuya.

Asirin gashin tunkiya wani furotin ne da ake kira keratin, wanda shi ne dai a farce da ƙaho da kofato da gashin tsuntsu. Akwai farar wuta a cikinsa, kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na nauyin ulu, shi ya sa gashi ke wari idan an babbake kan rago. Ƙwayoyin farar wutar nan su ne ke ɗaure silin furotin da ɗan'uwansa, har gashi ya ƙi narkewa a ruwa. Bugu da ƙari, jikin furotin ɗin cike yake da gurabe masu cajin lantarki. Idan ruwa na da tsami, gurabensa kan jawo kuromiyam mai caji shida, wato nau'in da ya fi illa, idan kuwa tsamin ya ragu sai su karkata ga jan ƙarfe da makamantansa. Ita fomaldihaid, wadda ɗalibai suka sani da sunan fomalin a ɗakin gwajin halittu, kuma take fita daga wasu katakon gam da fenti, takan haɗe da furotin ɗin ne kai tsaye. Tun shekarar 2004 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa cutar.

Me ya sa sai an sake kaɗa gashin? Amsar lissafi ce da za a iya yi a kan allo. Kaurin silin ulu mai laushi ya kai nanomita 20,000, shi kuwa sabon zaren bai wuce nanomita ɗari biyu ko uku ba, kuma nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Duk lokacin da aka rage kaurin zare sau ɗari, faɗin jikinsa da ke taɓa ruwa yakan ninka sau ɗari a nauyi guda. Ba da mazari ake wannan kaɗi ba. Ana zuba narkakken furotin cikin sirinji, a ɗora wa allurar wutar lantarki mai ƙarfin dubban bolt, sai ruwan ya tsillo siriri ya bushe a iska, ya taru a kan faranti tamkar yanar gizo. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin Anton Formhals ya yi mata rajista tun 1934.

Abin yabo a aikin Biyella shi ne kayan da aka dosa. Tumakin Turai dole ne a yi musu aski duk shekara, kuma gashinsu mai kaushi sau da yawa ba ya biyan kuɗin askin, don haka yakan zama shara. Mayar da shara magani hikima ce. Sai dai kuma akwai tambayoyi. Kafin gashi ya narke sai an tsinke igiyoyin farar wutar nan da sinadarai, su kuma sinadaran su bar nasu ƙazamin ruwan. Keratin shi kaɗai gautsi gare shi, saboda haka akan gauraya shi da nailan, wanda ba ya ruɓewa a ƙasa. Babbar tambayar kuwa ita ce makomar matacin bayan ya ƙoshi. Kuromiyam ƙarfe ne, wuta ba ta kashe shi, ruɓewa ba ta cinye shi. Idan aka jefar da matacin a juji, damina ɗaya ta isa ta mayar da gubar rijiya. Idan aka ƙona shi, zafin na iya juya kuromiyam mai caji uku ya koma mai caji shida. Duk mai tallar irin wannan mataci da bai faɗi yadda za a wanke ƙarfen a sake amfani da shi ba, rabin magana ya yi.

Tumakin ƙasar Hausa, 'yankasa da uda da balami, ba sa ba da ulu. Amma batun ya shafi Kano ta wata ƙofar. Masana'antun jima na zamani da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai da gishirin kuromiyam ake jima a cikinsu, saɓanin majema na gargajiya masu amfani da bagaruwa, kuma an daɗe ana kuka da ruwan da ke kwarara daga yankunan zuwa koguna da gonakin lambu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a lita guda ta ruwan sha. Abin mamakin shi ne, hanyar da aka saba bi wajen cire gashin fata a masana'antun jima, wato jiƙa ta cikin ruwan farar ƙasa da sinadarin salfaid, ita ma igiyoyin farar wutar take tsinkewa. Ke nan keratin da kuromiyam kan fita ta magudana guda, abin kamawa da makamin kama shi duk a zube.

Wannan ba ya nufin mataci zai maye gurbin tsabtace ruwan masana'anta. Ruwan jima ya yi kauri da yawa, kuma tuni aka san yadda ake kwantar da kuromiyam a tanki a mayar da shi cikin aiki. Gurbin mataci yana can ƙarshe, wajen kama ɗan abin da ya kuɓuce. A nan ne sassan ilmin sinadarai na jami'o'in Kano da Zariya ke da aikin da ba ya buƙatar injin kaɗin lantarki a matakin farko: a tara gashin awaki da na shanu kafin salfaid ya cinye shi, a wanke, a niƙa, a auna nauyin kuromiyam da giram ɗaya ke kamawa, sannan a ƙirga sau nawa za a iya wanke shi a sake amfani da shi kafin ya mutu. Wannan adadi na ƙarshe shi mai masana'anta zai fara tambaya kafin ya sa kuɗinsa.